Labarin da ke cikin fim ɗin Funny Girl gaskiya ne, ko gyara shi aka yi?

Tambaya: Na kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Funny Girl, labarin wata 'yar barkwanci da ta yi suna a dandamali, ta auri wani ɗan caca mai kyan shiga. An ce mini abin ya faru da gaske. Haka ne? Mijin nata haka yake da mutunci a zahiri? Na kuma yi mamakin ganin Omar Sharif na Masar a ciki.

Amsa: Malama, matar ta rayu, mijin ya rayu, an yi auren, gidan yarin ma an shiga. Amma mutumin da kika gani a fim sai da aka yi masa wanka, aka goge masa kaya, aka fesa masa turare kafin a fito da shi gaban jama'a. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Furodusan fim ɗin, Ray Stark, surukin gidan ne, shi ke auren Frances, 'yar da Fanny Brice, 'yar barkwancin da fim ɗin ke ba da labarinta, ta haifa wa mijin nata Nick Arnstein. Wato jaririyar nan da kika gani a hannun Fanny a tsakiyar fim, mijinta ne ya shirya fim ɗin. Idan kin riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Bari mu fara da ita kanta Fanny. Sunanta na yanka Fania Borach, an haife ta a New York a 1891, iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai. Fim ɗin ya ajiye ta a titin Henry, cikin unguwar talakawa 'yan ci-rani, uwarta na fama da wata ƙaramar mashaya, tsofaffin mata na karta suna yi mata tsiyar cewa ba ta da fuskar da za ta sayu a dandamali. Gaskiya ne iyayen sun yi sana'ar mashaya, amma ba su cikin irin wannan ƙuncin, kuma yawancin ƙuruciyarta a Newark da Brooklyn ta yi. Uban ne ya kasance mai shan giya da karta, har auren ya mutu. Wannan ma abin lura ne ga wanda ke son fahimtar yadda mace mai kaifin basira irin tata ta maƙale wa ɗan caca, amma fim ɗin bai tsaya a kai ba.

Ta fara ne da gasar 'yan koyo a ƙananan gidajen wasa, daga nan ta shiga ayarin masu raye-raye da barkwanci da ke zagaya garuruwa. Abin da ya ɗaga ta shi ne wata waƙar raha da Irving Berlin ya ba ta, wadda ta rera da karin harshen Yahudawa 'yan ci-rani. Ita kanta ba da wannan karin take magana a gida ba, ara ta yi don sana'a, ya kuma zame mata tambari. A 1910 Florenz Ziegfeld ya ɗauke ta cikin Follies, wasan shekara-shekara da ya fi kowane tsada da ƙawa a New York, inda ake jera dogayen 'yan mata cikin gashin jimina da duwatsu masu walƙiya suna saukowa daga matakala. Aikin Fanny a tsakiyar wannan ƙawa shi ne ta karkace baki, ta juya ido, ta lanƙwasa gwiwa, ta mai da abin duka abin dariya.

Fitowar da kowa ya fi tunawa, wadda aka sa ta rera waƙar amarya kyakkyawa sai ta cusa matashin kai a cikin riga ta fito kamar mai tsohon ciki, ba ta taɓa faruwa ba. Haka ma yawan sa-in-sa da take yi da Ziegfeld. A zahiri tana girmama shi, suna zaman lafiya. An ƙirƙiri fitowar ne don ta faɗi wani abu a minti biyar wanda da baki zai ɗauki awa guda: yarinyar ta gwammace ta sa mutane dariya da gangan, da a ce ta tsaya tana kiran kanta kyakkyawa su yi mata dariyar da ba ta nema ba. A ganina wannan ƙaryar ta halatta, domin ta kama halin matar. Akwai wani abu da ya faru da gaske wanda ya nuna ciwon ya fi yadda fim ya nuna zurfi. A 1923 Fanny ta sa likita ya rage mata hanci, jaridu suka yi ta yayatawa, tana fatan a fara ba ta rawar da ba ta barkwanci ba. Hakan bai samu yadda take so ba. Barbra Streisand kuwa, wadda ta fito a matsayinta bayan shekara arba'in, ta ƙi taɓa nata hancin, kuma mai ba da umarnin fim ɗin, William Wyler, ya yi ta ɗaukar ta daga gefe don a gan shi sosai.

Yanzu ga batun mijin, inda gyaran ya fi yawa.

A fim, Nick shi ne namijin farko da ya taɓa kallon Fanny a matsayin mace. A zahiri ta taɓa aure tun tana budurwa, ta auri wani mai aski ɗan Springfield mai suna Frank White a 1910, auren bai je ko'ina ba aka warware shi. Shi ma Nick, lokacin da suka haɗu a 1912, yana da mata. Shekara shida suna tare kafin ya rabu da waccan su ɗaura aure a 1918. A cikin waɗannan shekarun ne aka kama shi da laifin damfara, ya yi zaman gidan yarin Sing Sing, Fanny na zuwa duba shi a kai a kai, tana kashe kuɗinta a kan lauyoyi. Ke nan ta san wanda ta aura sarai tun kafin a shafa fatiha. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a fim.

Abin da fim ya ba mu shi ne mutum mai zuciya wanda sa'a ta juya wa baya. Ya ci kuɗi a karta cikin jirgin ruwa, ya sayi katafaren gida, ya zuba jari a rijiyoyin mai suka ƙi ba da komai, aka fara kiran sa da sunan matarsa. Da Fanny ta shirya a asirce a ba shi aiki da kuɗinta, ya gane, ransa ya ɓaci, sai ya faɗa wata harkar takardun lamuni ta bogi don kada a ce mace ke ciyar da shi. Da asiri ya tonu ya miƙa kansa, ya amsa laifi a gaban alƙali ba tare da jan magana ba. Mai kallo zai tashi yana jin tausayinsa, har ya ɗan ga laifin matar da ta fi mijinta samu.

Nick na gaske ba ya jin kunyar cin kuɗin Fanny, da shi ya rayu shekara da shekaru. A 1920 aka zarge shi da hannu a satar takardun lamuni na kimanin dala miliyan 5 daga kamfanonin Wall Street, ta hanyar yaran aike da ke kai takardun daga ofis zuwa ofis. Bai miƙa kansa nan take ba, ɓuya ya yi na tsawon makonni ana nemansa. Da ya fito kuma bai amsa laifi ba, ya yi shekara huɗu yana jan shari'a, kuɗin matarsa na zuba, har aka kai shi gidan yarin tarayya na Leavenworth a 1924. Fanny ta jira shi. Rabuwar da aka yi a 1927 ba irin ta fim ba ce, inda ya shigo ɗakin kwalliyarta cikin natsuwa suka yi sallama kamar manyan mutane. Ita ta nemi saki bisa zargin neman mata. Sun haifi 'ya'ya biyu, Frances a 1919 da William a 1921, wanda ya zama mai zane sananne. Fim ɗin ya share William gaba ɗaya.

Ki ƙara da wannan. Lokacin da aka buɗe wasan dandamali na Funny Girl, wanda daga gare shi aka yi fim ɗin, a Broadway ta New York, ranar 26 ga Maris 1964 a gidan wasa na Winter Garden, Nick yana nan da ransa, sai a 1965 ya rasu. Kuma gidan sun san hanyar kotu. A 1939 kamfanin 20th Century Fox ya fitar da Rose of Washington Square, labarin mawaƙiya da mijinta ɗan damfara, wanda kowa ya gane da wa ake, Fanny ta kai ƙara, aka sasanta da kuɗi. Marubuciyar Funny Girl, Isobel Lennart, ta yi aiki ne tsakanin 'yar da ba ta so a zubar da mutuncin mahaifinta da kuma mahaifin da zai iya garzayawa kotu. Naman da aka ce a dafa kada a taɓa ƙashi, ga shi kuma daɗin romon a ƙashin yake.

Shi ya sa, idan kin lura, fim ɗin kashi biyu ne da ba su yi daidai ba. Kafin hutun rabin lokaci komai na tafiya da gudu, yarinya na kutsawa inda ba a gayyace ta ba, ta ce ta iya takalmin taya alhali ba ta iya ba, ta tarwatsa layin 'yan rawa, jama'a su kwashe da dariya, ta mai da ɓarnar ta zama sana'a. Bayan hutu sai abin ya yi nauyi. Muna ta kallon wani kyakkyawan mutum yana ɓata rai a cikin kwat mai tsada, ba mu san ainihin abin da ke cin sa ba, domin an cire abin. Da an bar shi ɗan damfarar da yake, mai daɗin baki wanda ya san tana sonsa fiye da yadda yake sonta kuma yana amfani da hakan, da kashi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Tambayar da ta fi ban tausayi a rayuwar Fanny ita ce yadda matar da ke karanta zuciyar mutum dubu a zaure ɗaya ta kasa, ko ta ƙi, karanta ta mutum guda. Fim ɗin ya kauce mata, ya koma kan tsohon zancen nan na mijin da matarsa ta fi shi kuɗi.

To me ya sa har yanzu ake kallonsa, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi a jerin finafinan da ake adanawa a 2016? Saboda Streisand. Tana da shekara 21 aka buɗe wasan a Broadway, ta yi shi a can, ta kai shi Landan a 1966, don haka kafin a kunna kyamara ta riga ta san inda kowace dariya take kwance. Wannan ne fim ɗinta na farko, kuma kusan babu fitowar da ba ta ciki. Masu suka sun faɗi tun a lokacin cewa sauran 'yan wasan sun zama kamar kayan ɗaki, Anne Francis ma da ta fito a matsayin ƙawarta an yanke yawancin rawar da ta taka. Akwai gaskiya a ciki. Amma ki sake kallon farkon fim ɗin: an biyo ta ta baya cikin rigar fatar damisa, ba a nuna fuskarta ba har ta isa gaban madubi, ta sauke kwalar rigar, ta gaishe da kanta da kyakkyawa, murmushin ya tsaya rabi. A daƙiƙa kaɗan an nuna miki mace mai yi wa kanta ba'a kafin wani ya riga ta. Labarin Fanny ne a baki, amma abin da ake kallo a zahiri shi ne wata 'yar Brooklyn ta 1968 tana shaida wa Hollywood cewa da wannan fuskar za ta zama tauraruwa. Muryar ma ba ta Fanny ba ce. Fanny na da murya mai daɗi daidai gwargwado, ba ta da wannan dogon numfashi da ke cika zaure.

Wanda ya ba da umarni, William Wyler, ya riga ya ci Oscar uku, na Mrs. Miniver da The Best Years of Our Lives da Ben-Hur, amma bai taɓa yin fim na waƙa ba, ga shi kuma ya rasa yawancin jinsa tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yake ɗaukar hoto a cikin jiragen yaƙi. Herbert Ross ne ya tsara fitowar waƙoƙin. Abin da Wyler ya kawo shi ne haƙurin barin kyamara a kan fuska har sai ta faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Mu da muka saba da waƙa a tsakiyar fim ba za mu yi mamakin mutum ya ɓarke da rerawa a tashar jirgin ƙasa ba. Abin lura a nan shi ne waƙoƙin iri biyu ne. Akwai waɗanda Fanny ke yi a dandamali a matsayin sana'a, masu kallo na tafi, kamar ta amarya da wadda take kwaikwayon rawar balle. Akwai kuma waɗanda zuciyarta ke yi, ba a dandamali ba, irin su People da Don't Rain on My Parade, waɗanda Jule Styne ya yi wa kiɗa Bob Merrill ya rubuta baitocinsu. Ta biyun ita ce ke rufe kashi na farko: ta bar aiki ta bi Nick, daga jirgin ƙasa zuwa tasi zuwa ƙaramin jirgin ruwa mai jan manyan jirage, tana tsaye a gaba riƙe da furanni, an ɗauko ta daga jirgi mai saukar ungulu ana matsowa har kan fuskarta tana cikin rerawa, mutum-mutumin 'Yanci na wucewa a gefe. Ba a haɗa irin wannan hoton da kwamfuta a lokacin, sai da matuƙi da mai kyamara da mawaƙiya suka haɗu a kan daƙiƙa ɗaya.

A ƙarshen fim ne iri biyun suka haɗe. My Man waƙar Fanny ce ta gaske, asalinta ta Faransa ce, aka juya ta Turanci ta rera a Follies na 1921, daidai lokacin da jaridu ke cike da shari'ar mijinta. Duk wanda ya sayi tikiti a shekarar ya san wa take nufi. Ba ta cikin wasan Broadway, don fim aka dawo da ita. Streisand ta rera farkonta kai tsaye a gaban kyamara maimakon bin faifai da leɓe kamar yadda aka saba, sanye da baƙaƙen kaya a gaban baƙin bango, ba a ganin komai sai fuska da hannuwa. Ta fara da muryar da kuka ya shaƙe, ta ƙare da ƙarfin da ya fi ƙarfin baitocin. Ni a nan nake ganin bambancin matan biyu ƙarara. Fanny ta rera ta ne a tsaye cik, a matsayin macen da ta sallama. Streisand ta rera ta kamar wadda ta riga ta san za ta rayu ba shi.

Batun Omar Sharif kuwa, mamakinki na kan hanya, domin ya tayar da ƙura a lokacin. Haifaffen Iskandariya ne a 1932, daga gidan Kiristoci, sunansa na farko Michel Chalhoub, ya musulunta a 1955 ya auri tauraruwar Masar Faten Hamama. Lawrence of Arabia a 1962 da Doctor Zhivago a 1965 sun riga sun mai da shi jarumin duniya. Ana cikin shirin fara ɗaukar Funny Girl sai yaƙin kwana shida ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa a watan Yunin 1967. Wasu masu ruwa da tsaki a kamfanin Columbia mai fim ɗin suka so a cire shi, Wyler, wanda shi ma Bayahude ne, ya tsaya kai da fata a bar shi. Can gida kuma, da hoton da yake sumbatar Streisand ya isa jaridun Alƙahira, aka yi ta kiran a ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa, saboda ita Bayahudiya ce mai goyon bayan Isra'ila a fili. An hana nuna fim ɗin a Masar. Wato ɗan Masar Musulmi ya fito a matsayin Bayahuden Amurka, ya sha suka daga ɓangarori biyu. Ta wata fuskar kuma zaɓen ya dace fiye da yadda aka zata, don Sharif gwanin karta ne na gaske, ya yi suna a wasan bridge a duniya, caca kuma ta ci masa dukiya mai yawa a rayuwarsa. Yadda yake riƙe kati a fim ba koya masa aka yi ba. Sai dai kyansa da sanyin idonsa sun ƙara wanke Nick fiye da yadda rubutun ma ya yi.

Fim ɗin ya fito a watan Satumban 1968, ya fi kowane fim kawo kuɗi a Amurka a shekarar, aka sa shi takarar Oscar a rukuni takwas. Guda ɗaya ya ci, shi ma da abin mamaki: a bikin watan Afrilun 1969 Ingrid Bergman ta buɗe ambulan ta tarar an yi kunnen doki tsakanin Streisand da Katharine Hepburn ta The Lion in Winter. Hepburn ba ta halarta ba. Streisand ta hau, ta kalli ɗan mutum-mutumin, ta gaishe shi da gaisuwar nan ta gaban madubi. Kyautar fim mafi kyau kuwa Oliver! ne ya ɗauka.

Idan kina son ci gaban labarin, akwai Funny Lady na 1975, kan aurenta na uku da Billy Rose, wanda aka ɗaura a 1929 aka rabu a 1938, James Caan ne ya fito a matsayin mijin. Kallo ɗaya ya ishe shi, bai kai na farko ba, kuma shi ma Stark ne furodusa, don haka ki sa ran irin wannan gyaran. Abin da duka biyun ba su ba shi haƙƙinsa ba shi ne aikin da yawancin Amurkawan zamaninta suka san ta da shi. Tun daga shekarun 1930 Fanny ta koma rediyo tana kwaikwayon wata fitinanniyar yarinya mai suna Baby Snooks, mai jefa wa babanta tambayoyin da ke sa shi fita hayyacinsa. Tana kan wannan shirin, mace mai shekara 59 tana magana da muryar ƙaramar yarinya duk mako, har jini ya fashe mata a ƙwaƙwalwa ta rasu a Hollywood ranar 29 ga Mayu 1951. Ana samun faya-fayan shirin a intanet, da wasu 'yan guntayen finafinan da ta fito da kanta, ciki har da The Great Ziegfeld na 1936 inda ta taka rawar Fanny Brice. Ki nemi wannan ki kwatanta da abin da Streisand ta yi.